Abin da Ƙyalli Ya Rufe

Wata goma sha ɗaya ina tuƙa bas a Tasalonika,
ina ɓoye canji a gwangwanin kofi,
kafin na mallaki bututun nan,
idon kyamara mai tsawon damtsena,
mai nauyin jaririn da ya ƙoshi.

Na kai shi tafkin Kerkini da sassafe
a kwale-kwalen Prodromos.
Hoto ɗari uku na dawo da su,
ruwan duk kamar faranti sabon gugu.
Kwasakwasa na nan, ba su ɓuya ba,
ƙyalli ne ya cinye musu ƙirji.

Sai na yi irin ta mai gaggawa.
Na sayi matacin haske, yuro ashirin,
a tebur ɗin wani saurayi bayan tashar jirgin ƙasa.
Araha ba ta ado.
Ƙyalli ya tafi, ban musa ba,
amma ya tafi da gashin tsuntsu.
Kowane fiffike
kamar wanda aka kalla ta cikin hawaye.

Shagon Evanthia yana wani lungu mai warin gasasshen kifi.
Ta haura saba'in, tabarau biyu a wuyanta.
Ba ta tambayi nawa na biya ba.
Ta ɗora gilashina a bakin madubin hangen nesa,
ta ce in karanta allon mai burodi can tsallaken titi.
Haruffan suka yi ta rawa kamar an jiƙa su.
Ta cire, ta sa nata.
Har farashin burodin na gani, har ƙudan da ke kansa.

Ta ce, abin da ke jawo nesa kusa
ba ya zaɓe:
ya jawo tsuntsu, ya jawo aibin gilashi.
Ƙaramin ido zai yafe maka tudu da kwari,
wannan naka ba ya yafiya.

Ta kwantar da su biyun a kan farar takarda.
Nawa ya yi kore-kore, kamar ruwan kududdufi,
nata toka zalla, ba ya goyon bayan kowane launi.
Ta ƙwanƙwasa zoben da farce:
tagulla ce, ba za ta cije maka ba ranar sanyi.
Faɗi casa'in da biyar, kada ka ƙara, kada ka rage.
Kuma ka sani, zai ci fiye da rabin haskenka,
ba ya aikin kyauta.
Ka ajiye rana a kafaɗa.
In ta tsaya a goshinka ko a ƙeya,
kuɗinka ka zubar.

Biya biyu na yi.
Watan nan miyar wake na sha har matata ta daina magana.

Janairu na koma, yatsu sun ƙage.
Na jira rana ta hau kafaɗar dama,
na murza zoben a hankali,
kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.
Sai ruwa ya buɗe.
Ga ƙafafun kwasakwasa suna tuƙi a ƙasa,
aikin da ba ya nuna wa kowa.
Ga kifi uku.
Ga wasu turaku a jere, baƙaƙe, ciyawa ta naɗe su.

Na miƙa wa Prodromos, hannunsa duk ƙaiƙayin kifi.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, shingen babana ne,
nan muke ɗaure jaki kafin ruwa ya hau.
Shekara arba'in ina wucewa ta kansa.

A lokacin ne tsuntsun ya buɗe fiffike ya tashi,
ruwa na zuba daga gashinsa kamar tsakiya ta tsinke,
hoton da na yi wata goma sha ɗaya ina jira.
Kyamara tana hannun masunci.
Ban karɓa ba.